Kan sarkin da muka tsinta a adakar Kaka: na fam 25 ne ko kuwa?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman wanda ya san harkar tsofaffin kan sarki. Satin da ya wuce muka buɗe adakar kakanmu, Allah ya jiƙansa, a gidanmu na Zariya, saboda za a yi wa ɗakin gyara. Can ƙasa, ƙarƙashin rasiɗan haraji, muka samu wani ɗan gwangwani mai tsatsa da kan sarki goma sha ɗaya a ciki, da wata tsohuwar ambulan. Mahaifin kakan namu ya yi wa Turawa aikin masinja a Zungeru kafin ya dawo gida, muna jin nasa ne. Ɗaya daga ciki kore ne, da kan wani Bature mai sanƙo da gemu, a sama an rubuta NORTHERN NIGERIA. Lambar kuɗin da ke ƙasa ta fara da 2, amma hatimi ya danne sauran, sai wani lanƙwasa da ke leƙowa kamar 5. Ƙanena ya bincika a intanet, ya ce akwai na fam 25 na wannan zamanin, kore, kuma wai kuɗinsa ya isa sayen gida. Tun ranar bai yi barcin kirki ba. Ga hotuna nan na tura.

Ɗan Kwari: Allahu Akbar! Abban Hanifa, kar ka manta ni ne na fara yi maka murna. Idan ta fashe, ko kuɗin mai ne a tuna da mu.

Baba Fosmasta: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan magabata. Shekara talatin da biyu na yi a gidan waya, ban taɓa riƙe na fam 25 ɗin nan a hannuna ba, sai dai labari. Hoton naka ya yi duhu. Ka fita tsakar gida inda akwai haske, ka ɗora shi kan baƙin yadi, ka sake ɗauka. Kuma kar ka riƙa kama shi da yatsu, gumin hannu yana ɓata shi. Nemi hantsaki mai faɗin baki.

Dakta: Baba ya faɗi gaskiya. Kafin hoton ya zo bari in ɗan shimfiɗa, don ni wannan ita ce cutar da ta kama ni tun da na zo Ingila. Arewacin Najeriya ta yi nata kan sarkin ne na shekara goma sha huɗu kacal, daga 1900 zuwa haɗewar 1914. Duk kamfanin De La Rue ne ya buga su a Landan. Na farko, na 1900, kan Sarauniya Biktoriya ne, guda tara, daga na ɗari, wato rabin kwabo, zuwa na sule goma. A 1902 aka kawo na ɗanta Sarki Edwad na bakwai, shi ne mai sanƙon da ka gani. A 1912 aka kawo na Joji na biyar. Na fam 25 kuwa ya fito a watan Afrilun 1904, kuma gaskiya ne, yana cikin mafiya tsada a duk kan sarkin Afirka ta Yamma. A kundin farashi na Stanley Gibbons dubunnan fam ne gomiya-gomiya. To amma kore ba shi kaɗai ba ne. A jerin Edwad na 1902, na sule, na sule biyu da sisi, da na sule goma, duk kawunansu kore ne. Bambancin yana wajen launin rubutun. Ka duba mini: sunan ƙasar da ke sama da ɗan akwatin lambar da ke ƙasa, wane launi ne?

Abban Hanifa: Dakta, ya ɗan koɗe. Ni dai shuɗi nake gani. Ƙanena ya ce tsufa ne ya mayar da shi haka.

Ɗan Kwari: Ai ja ma idan ya shekara ɗari yana iya komawa wani abu. Mu da muke sayar da atamfa mun san rini.

Dakta: Alhaji, ja yana koɗewa ya zama fari-fari ko ruwan goro, amma ba ya komawa shuɗi. Na sule kore ne da baƙi, na sule goma kore da ruwan ƙasa, na fam 25 kore da ja mai ƙarfi. Kore da shuɗi kuwa na sule biyu da sisi ne. Abin da kuka ɗauka 5 ne, cikin 6 ne ya leƙo ta ƙarƙashin hatimi. Sannan da na fam ne, da alamar fam ce za ta fara zuwa kafin 2 ɗin, ba 2 ce za ta buɗe layi ba.

Maman Walid: Wayyo, ƙanin Abban Hanifa! A kai masa ruwan sanyi. Amma Dakta ina da tambaya ta malamar tarihi. Fam 25 a 1904 ai dukiya ce. Fam ɗaya sule ashirin, sule kwabo goma sha biyu, ke nan kwabo 6,000. Wasiƙa zuwa Ingila kwabo ɗaya ce a lokacin. Wace irin wasiƙa ce za ta ci kuɗin wasiƙu dubu shida?

Dakta: Babu ita, Malama, shi ya sa ma ya yi tsada. Idan kin duba gefen waɗannan kan sarkin an rubuta cewa na aika wasiƙa ne kuma na karɓar kuɗin shiga. Abin da ke rubuce a littattafan masu wannan harka shi ne an yi na fam 25 ne don biyan lasin shigo da barasa. Manyan falle tara kawai aka buga, kowanne ƙwaya 120. Ki lissafa, dubu ɗaya da tamanin. Ƙalilan ne suka tsira, kuma waɗanda ke fitowa gwanjo galibi sababbi ne fil, da danƙonsu a baya, ba hatimin gidan waya. To shi ma wannan wata alama ce: naka, Abban Hanifa, ya sha hatimi.

Alaramma: Subhanallah. Ashe abin da ake ta yi wa murna takardar lasin giya ce.

Ɗan Kwari: Akramakallah, ai takardar za a sayar, ba giyar ba!

Alaramma: Ban ce komai a kan wannan ba, Alhaji. Abin da na shigo faɗa daban ne. Abban Hanifa, ko sule biyu ne ko fam dubu ne, wannan gwangwanin ba naka ba ne kai kaɗai. Kayan mamaci ne, haƙƙin magada ne. Kafin ka sayar ko ka kyautar, a sanar da kowa, musamman gwaggonninka idan suna raye. Ƙaramin abu irin wannan shi ke raba zumunci, don wanda bai gani ba zai ɗauka miliyoyi aka ɓoye masa.

Abban Hanifa: Haka ne Akramakallah, gwaggonmu Hajiya Babba tana nan, a gabanta ma aka buɗe. Amma Dakta, ba wai ina musu ba ne, ƙanena ya ce in tambaya: babu wata hanya ta biyu da za a tabbatar? Kar a yanke hukunci da launi kawai a hoton waya.

Dakta: Tambaya ce mai kyau, kuma akwai. Cikin takardar kanta akwai tambari, irin wanda kake gani idan ka ɗaga naira a rana. Turawa na ce masa wotamak. A jerin 1902 kambi ɗaya ne a tsakiya, da haruffa CA a ƙarƙashinsa, kowane kan sarki da nasa guda. CA ɗin sunan ofishin da ke yi wa ƙasashen mulkin mallaka sayayya ne a Landan. Daga 1904 sai aka canza takarda, aka koma ƙananan kambi da CA birjik, ta yadda a kan sarki ɗaya za ka ga gutsattsarin da yawa. Na fam 25 a kan sabuwar takardar kawai aka buga shi. Kifa naka a kan baƙin abu, ka haska fitilar waya daga gefe, ba daga sama ba. Idan kambi ɗaya ka gani cikakke, magana ta ƙare.

Ɗan Kwari: Na ji an ce ana ɗiga fetur sai tambarin ya fito ɓaro-ɓaro.

Dakta: Don Allah kar a yi. Akwai ruwan da aka yi musamman don wannan, yana bushewa ba ya barin tabo. Fetur ɗin gidan mai kuwa akwai launi da maiƙo a ciki, zai bar shaida har abada.

Baba Fosmasta: Idan bayan nasa akwai ragowar takardar ambulan manne, ba za ka ga komai ba sai an cire. Mu yadda muka saba, ruwa mai ɗan ɗumi a faranti, ka tsoma shi minti goma, takardar ta saki da kanta, ka shanya tsakanin shafukan littafi. Haka ma ka yi wa wanda ke jikin ambulan ɗin, ka haɗa su wuri guda su zama goma sha biyu.

Dakta: Baba, a gafarce ni, nan kam zan saɓa maka, kuma da babbar murya. Abban Hanifa, kar ka kai ko ɗaya kusa da ruwa. Hanyar da Baba ya faɗa daidai ce ga kan sarkin zamanin da ya yi aiki. Amma waɗannan na De La Rue da gangan aka buga su da tawada mai gudu. Kore da shunayya musamman. Dalili kuwa, tunda ana amfani da su wajen biyan kuɗin gwamnati, ana soke su da alƙalami, sai Turawan suka ji tsoron wani ya wanke sokewar ya sake amfani da shi. Sai suka yi tawadar da, ruwa ko sinadari na taɓa ta, za ta zube ta tona asiri. Ka tsoma wannan koren, zai fito kamar ganyen da ya kwana a miya. Wasu daga cikin na bayan 1905 ma takardarsu an shafe ta da alli, su abin ya fi muni. Ita kuwa ambulan, ko da tawadar ba ta gudu, raba ta da kan sarkinta ɓarna ce. Ka ɗauko mana hotonta gaba da baya, ni ita ma na fi son gani.

Baba Fosmasta: To, ilimi kogi ne. Ni na Sarauniya Elizabet na tarar, su ko a kogin Kaduna ka jiƙa su ba abin da zai same su. Na janye. Amma ɗana Dakta, ka rage babbar muryar.

Dakta: Tuba nake Baba.

Badamagare: Sannunku da muhawara. Mu a nan Damagaram tambur muke ce masa, kalmar Faransa. Ku kuwa sunan da kuka ba shi ya yi daidai da abin da kakanninku suka gani, kan sarki ne kuwa a jiki. Namu na farko raƙumi ne da mahayinsa, aka buga TERRITOIRE DU NIGER a kai a 1921, sai a 1926 aka yi wanda ke da hoton ganuwar sojan Zinder. Mahaifina yana da su cike da ambulan. Wani ya taɓa zuwa daga Yamai ya duba, ya ce kusan duk na gama-gari ne. Ran nan tsohon bai ci tuwon dare ba.

Abban Hanifa: Na gwada fitilar. Bayansa a share yake, ba takarda. Kambi ɗaya ne, babba, da C da A a ƙasa. Ƙanena ya fita bai ce uffan ba.

Ɗan Kwari: Inna lillahi. Gidan ya rushe tun ba a aza tubali ba. To Dakta, shi sule biyu da sisin nawa zai yi? Ai shekara ɗari da ashirin ba wasa ba. Ko Penny Black da ake ta faɗa ai tsufa ne ya sa shi tsada.

Dakta: Madalla da ka kawo Penny Black, don shi ne babban misalin cewa ba tsufa ake saye ba. Shi ne kan sarki mai danƙo na farko a duniya, ya fara aiki ranar 6 ga Mayu 1840. Amma an buga fiye da miliyan 68. A lokacin ba a cika sa wasiƙa a ambulan ba, ninke takardar ake yi a manna shi a gefen da aka rubuta adireshi, don haka duk wanda ya ajiye wasiƙa ya ajiye shi. Yau a nan Ingila mai rauni ana samunsa a 'yan gomiyoyin fam. Wanda ke da tsada shi ne mai fili a gefe huɗu, don ba shi da haƙoran nan na gefe da ake tsagawa ta wajensu, da almakashi ake yanka shi, yawanci a ci jikin hoton. Ko kuma wanda ya fito daga farantin bugu na goma sha ɗaya, wanda kaɗan aka buga da shi. Ka kwatanta da na Giyana ta Ingila, na santi ɗaya na 1856. Mummuna ne, an yanke kusurwoyinsa, da ƙyar ake karanta shi. Amma shi kaɗai ne a duniya. Wani yaro ɗan shekara 12 ya tsince shi a takardun gidansu a 1873, ya sayar sule shida. A 2014 an saye shi kusan dala miliyan tara da rabi a New York, a 2021 aka sake sayar da shi dala miliyan takwas da ɗoriya.

Maman Walid: Ka ga shi ma faɗuwa ya yi, sama da miliyan guda cikin shekara bakwai. Masu cewa kan sarki jari ne su ji.

Ɗan Kwari: Malama, ni abin da na ji shi ne yaro ya tsinta a takardun gida. Ke nan ana dacewa. Dakta bai ba ni amsa ba dai, nawa?

Dakta: Na sule biyu da sisi na 1902, mai hatimi, lafiyayye, a kundi 'yan gomiyoyin fam ne. Amma farashin kundi farashin shago ne na wanda ba shi da aibu ko ɗaya. Dillali idan zai saya a hannunka, kaso kaɗan na wannan zai ba ka. Yanzu dubi naka a sabon hoton: haƙora biyu sun karye a kusurwar dama, akwai ɗigon tsatsa a gefen hagu, gwangwanin ne ya jawo, ga hatimin ya yi nauyi har ya rufe kuɗin. Kowanne ragi ne. Idan na ce zai saya muku buhun shinkafa na yi muku alkawarin da ba zan iya cikawa ba.

Baba Fosmasta: Ni akwai abin da na lura. A cikin sauran goman akwai guda biyu na Sarauniya da aka soke da alƙalami, ba hatimi ba. Waɗannan a cire su daga lissafi. Sokewar alƙalami na rasiɗi ne, ko takardar kotu. Masu tarawa ba sa so.

Dakta: Ƙa'idar haka take Baba, a kusan ko'ina. Amma Arewa tana da togaciya. A farkon 1900 wasu gidajen waya ba su da hatimi tukuna, sai ma'aikaci ya rubuta sunan gidan wayar da kwanan wata da hannu a kan kan sarkin. Akwai na Jebba, akwai na Ibi. Irin waɗannan nema ake yi, sun fi mai hatimi daraja. Sai a duba me aka rubuta. Idan sa hannu ne ko gicciye kawai, maganar Baba ce. Idan ana iya karanta sunan gari, wata magana ce.

Abban Hanifa: Na duba da gilashin mai gyaran agogo na bakin layinmu. Layi biyu ne kawai aka ja, ba rubutu.

Baba Fosmasta: Ɗaya da ɗaya ke nan, ni da Dakta.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi haƙuri in katse. Mutum biyu sun kawo mini ƙara cewa wata baƙuwar lamba tana bin su ta bayan fage tana cewa tana da mai saye a Dubai, a tura kuɗin rajista. Na cire lambar. Abban Hanifa, kai za a fi bi, ka kula.

Abban Hanifa: Ai ya riga ya iso, Shugaba. Ya ce Dakta yana karya farashi ne don ya saye a ɓagas, shi zai ba da miliyan arba'in, in fara tura dubu ɗari da hamsin na takardar shaida.

Maman Walid: Su ne dai. Jiya jan mekuri a tsohon keken ɗinki, shekaranjiya dutsen guga mai zakara, yau kan sarki. Maƙwabciyata har keken uwarta ta farfasa.

Dakta: Ni dai ban taya ba, kuma ba zan taya ba, don kar ma a samu abin faɗa. Takardar shaida ta gaskiya akwai ta, amma ba haka ake yinta ba. Ƙungiyar Royal Philatelic Society ta Landan, wadda ke nan tun 1869, tana da kwamitin ƙwararru. Kai za ka aika musu da kan sarkin kansa, su duba takarda da tawada da haƙora, su ba da shaida mai hoto. Ba mai saye ne zai karɓi kuɗinka ya ce zai yi maka ba. Kuma na fam 25 ba wanda zai saya ba tare da irin wannan shaidar ba, saboda yadda aka buga su ya sauƙaƙa wa 'yan jabu aiki. Bugu biyu ne: faranti ɗaya na kan sarkin da adonsa, wanda ƙasashe da yawa suke tarayya a kai, Gwalkwas da Saliyo da sauransu, sai faranti na biyu na sunan ƙasa da kuɗi. Ɗan jabu sai ya samu mai araha mai koren kai, ya goge suna da kuɗin, ya buga nasa da ja. Takarda ta gaske, tambarin ciki na gaske, haƙora na gaske, ƙaryar layi biyu ce kawai. Jean de Sperati, wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a, da takardun gaske da ya wanke yake aiki, kuma ya yi jabun manyan kan sarkin Legas na zamanin Biktoriya. A cikin tsofaffin kan sarki akwai kuma waɗanda aka buga wa SPECIMEN, samfurin da ake rarraba wa ƙasashe ta ofishin ƙungiyar gidajen waya ta duniya a Bern. Su na gaske ne, suna da kuɗi, amma ba su kama ƙafar wanda ba rubutu ba, har wasu kan kankare rubutun.

Abban Hanifa: Ga ambulan ɗin, gaba da baya. Ta yi ja, gefe ɗaya ya ɗan yage wajen buɗewa. Kan sarkin ɗaya ne, na kwabo. Kakan namu wasu 'yan takardun addu'a yake ajiyewa a ciki.

Dakta: Tsaya, tsaya. Kai, Abban Hanifa! Wannan ce kuka bari a gefe kuna bin koren? Duba hatimin: ZUNGERU, ya fito raɗau, da shekararsa 07. An aiko ta ne zuwa ga wani Bature a Zariya, ga kuma hatimin isowa a baya. Shi kan sarkin, na kwabo mai shunayya da ja, idan ka ɓanɓare shi ko kuɗin shayi ba zai yi ba, an buga su da yawa. Amma a jikin ambulan labari ne cikakke. Yawancin ambulan ɗin Arewa na wancan zamani da ke hannun masu tarawa waɗanda aka aika Ingila ne, don can aka adana su a busasshen ɗaki. Wadda ta tashi daga wani gari zuwa wani a cikin ƙasa, ta tsira daga gara da damina da gobara, ita ce ba a cika gani ba. Ba zan faɗi kuɗi daga hoto ba, amma ina da yaƙinin ta fi duk goma sha ɗayan nan a haɗe. Ba gida ba, kar ƙaninka ya dawo da gudu.

Maman Walid: Ni wannan ta fi burge ni nesa ba kusa ba. Ku duba kwanan watan biyu, ku cire, za ku san kwana nawa wasiƙa take yi daga hedikwata zuwa Zazzau. A 1907 jirgin ƙasa bai zo ba, sai 1911 ya kai Kano. Ke nan a ƙafa ko a kan doki aka kawo ta. Wa ya sani ko shi mahaifin kakan naku ne ya ɗauko jakar? Zungeru ce fadar Gwamna tun 1902, bayan an taso daga Jebba, kafin a koma Kaduna. A garin aka haifi Azikiwe a 1904, mahaifinsa akawu ne a can. Wato lokacin da aka buga wannan hatimin yana yaro ɗan shekara biyu ko uku yana yawo a garin.

Abban Hanifa: Kwana tara ne tsakani, idan na karanta daidai. Wallahi Malama jikina ya yi sanyi. Hajiya Babba ta sha faɗa mana cewa kakanta ƙafarsa duk faso ce saboda tafiya, muna dariya.

Ɗan Kwari: To a sayar da ambulan ɗin mana tun tana da kasuwa. Dakta ya kai ta gwanjo a can, a raba wa magada, kowa ya huta. Ajiye ta a Zariya gara ce za ta ci.

Maman Walid: Haba Alhaji. Komai namu sai ya ƙare a Landan? Takardunmu nawa ne ɗalibi sai ya nemi biza kafin ya gani? Ga Gidan Arewa a Kaduna, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a can. Ko su riƙe abinsu a gida. Kuɗin da za a samu idan aka raba wa magada ba zai kai kowa ko'ina ba, cikin sati za a cinye.

Ɗan Kwari: Malama, mai albashi ke faɗar haka. Idan akwai marayu a cikin magadan fa?

Alaramma: A nan Alhaji yana da hujja. Idan akwai maraya ko mabuƙaci, ba wanda zai yi kyauta da rabonsa. Mafita ita ce a sa wanda ya sani ya ƙiyasta, duk mai son riƙewa a cikin dangi ya biya sauran haƙƙinsu.

Dakta: Wannan ya yi. Don ƙiyasin, akwai ƙungiyar masu nazarin kan sarkin Afirka ta Yamma a nan, West Africa Study Circle, suna fitar da mujalla mai suna Cameo. Irin wannan ambulan ita ce abincinsu. Hoto mai kyau ya isa su faɗi ko hatimin na gaske ne da yadda irinta ke tashi a gwanjo, ba sai ta bar Zariya ba. A lura kuma, gidan gwanjo yana cire ladansa daga mai sayarwa, ga kuɗin aikawa da inshora. Kafin nan: a fitar da komai daga gwangwanin, kar a sa salatif a wajen yagewar, kar a goge ta, kar a kai ta shagon da ake manne takardu da roba mai zafi. Na taɓa ganin wanda ya yi wa ambulan ɗin Lokoja haka don ya adana ta, ya kashe ta murus. Farar takarda mai tsabta, a ninke ta a ciki, a sa a wuri busasshe nesa da bango.

Baba Fosmasta: A sa ɗan kanumfari ko ganyen darbejiya a akwatin, ba a jikinta ba, saboda ƙwari. Wannan kam Dakta ba zai musa mini ba.

Dakta: Ban isa ba, Baba.

Abban Hanifa: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya Babba duk abin da aka ce. Ta karɓe ambulan ɗin ta sa a cikin akwatinta, ta ce ba mai kai ƙafar kakanta gwanjo tana raye, wanda ke son rabonsa ya zo ta biya shi da kuɗin gyaɗarta. Koren kuma ta ba ƙanena, ta ce ya je ya sayi gidan.

Badamagare: Dakta, tunda an gama da na Zariya, gobe in Allah ya kai mu zan turo na tsohonmu masu raƙumi. Akwai ɗaya da rubutun ya hau a karkace.

Dakta: Turo, amma gaba da baya, kuma a kan baƙin yadi.